Maigidana, Majinyacin Majalisar Likitoci

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya yi kusan duk ciwon da ɗan'adam yake yi, in ban da naƙuda. Ya yi ciwon zuciya, ya yi shanyewar ɓarin jiki, ya yi tsakuwar ƙoda, ya makance a idon dama, ya warke, ya koma ya makance a na hagu. Duk wannan kuwa lafiyarsa ƙalau, yana cin abincinsa har ya leƙa tukunya. Sana'arsa ke nan, da ita ya riƙe gidanmu.

A garinmu akwai majalisar manyan likitoci. Gini ne mai bene, da doguwar baranda, ƙofofi a jere kamar na makaranta. A nan ake yi wa likita jarrabawa in yana son a kira shi ƙwararre a fanni ɗaya. To ba zai yiwu a riƙa kwaso marasa lafiya daga gadajen asibiti, ƙananan likitoci su yi ta latsa su daga safe har yamma ba. Sai ake samun lafiyayye ya kwanta ya yi kamar shi ne mara lafiyar. Ƙaramin likita ya shigo ya duba shi ya faɗi abin da ya gano, babban yana zaune a gefe yana kallo. Maigidana shi ne mai kwanciyar. A can Baba Jinya suke ce masa.

Asalinsa mai fenti ne. An ɗauke shi da abokan aikinsa su shafe wannan ginin, ubangidansu ya ce ya hau da bokitai sama. Shi kuwa Allah bai haɗa jininsa da bene ba, sai ya dafe ƙugu ya ce bayansa ya riƙe, ya kama bango yana jan ƙafa. Ashe Likitan Ƙashi yana tsaye a ƙofarsa yana kallo. Ya kira shi, ya kwantar da shi, ya ɗaga wannan ƙafa, ya lanƙwasa waccan, ya ƙwanƙwasa gwiwa da 'yar gudumarsa. Sannan ya cire tabarau ya ce, "Bawan Allah, babu abin da yake damunka. Amma na tsufa ina duba masu ciwon baya, ban taɓa ganin wanda ya iya shi kamarka ba. Su kansu masu ciwon ba su iya haka ba. Ajiye burushin nan."

Da ya zo mini da labarin na ce, "Malam, yanzu ƙarya za ka riƙa yi muna ci?" Ya ce ba ƙarya ba ce, koyarwa ce. Ban yarda ba sai da muka je wurin limamin unguwa. Liman ya saurara, ya shafa gemu ya ce, "Wanda kake yi wa ƙaryar ya san ƙarya ce?" Maigidana ya ce, "Allah gafarta Malam, shi ya koya mini ita." Liman ya gyara zama. Can ya ce, "To, ban taɓa cin karo da irin wannan ba. Je ka yi, amma ka riƙa istigfari a hanyar dawowa."

Mutanen Majalisa kowa da rabonsa a jikin ɗan'adam, sai ka ce sa aka yanka aka kasafta. Akwai na zuciya, na ƙoda, na hanta, na ido, na fata, na ƙwaƙwalwa, da wanda ya haɗa kunne da hanci da maƙogwaro shi kaɗai, shi ya sa sauran suke ganin ya cika haɗama. Kowa ya koya wa maigidana ciwon fanninsa, kuma kowa ta nan yake gaishe shi. Likitan Ƙoda in sun haɗu a baranda ba ya kallon fuskarsa, ƙugunsa yake kallo ya ce, "Baba Jinya, ya mutanena biyu?" Likitan Zuciya ba ya musafaha, wuyan hannu yake kamawa ya yi shiru yana kallon agogo, in ya saki an gaisa ke nan. Likitar Mata, wata doguwa mai yawan dariya, duk sanda ta gan shi sai ta ce, "Kaico, ga gwani har gwani, amma ba shi da amfani a wurina." Mai allurar barci kuwa bai saba da mutum a farke ba, in ka gaishe shi firgita yake yi.

Babban abin da suke taƙama da shi shi ne ladabi, kuma ladabi a wurinsu shi ne kada ka taɓa rabon ɗan'uwanka. In kana gaban Likitan Ido ka yi tari, ko sannu ba zai ce maka ba, don tari na mutumin ƙarshen baranda ne, in ya ce sannu ya shiga hurumin wani. Na ji an ce Likitan Haƙori da na Maƙogwaro sun yi shekaru ba sa ga-maciji a kan harshe, har sai da Shugaban Majalisa ya raba musu shi, gaba na wannan, baya na wancan.

Shi kuma maigidana doka ɗaya suka kafa masa: in ya shiga ciwo, ba ya fita sai an kaɗa ƙararrawar tashi. Ko ƙaramin likita zai yi kuka ya ce, "Baba, don Allah gaya mini gaskiya," kada ya kula. Har gwada shi suka yi. Wata rana yana tsakiyar shanyewar ɓarin jiki, Shugaba ya banko ƙofa yana ihun gobara. Kowa ya ruga, shi kuwa ya sauko daga gado da ɓari ɗaya, ya ja jiki a ƙasa har bakin matakala, baki a karkace. Tun daga ranar suka sallama masa. Suka ce mutumin nan ko me ya gaya maka game da jikinsa, aiki yake yi.

Ni ma daga baya na shiga, ba da nufi ba. Na kai masa abinci wata rana, Likitan Ƙwaƙwalwa ya gan ni ya ce ai mara lafiya ba ya zuwa asibiti shi kaɗai, a sa mini kujera gefen gado in zauna a matsayin matarsa. Na ce ni ba na ƙarya. Ya ce, "Hajiya, ba matarsa ba ce ke?" Na ce matarsa ce. Ya ce, "To zauna." Haka na riƙa zama da carbina, ban taɓa cewa uffan ba. In ƙaramin likita ya tambaye ni, "Mama, tun yaushe ya fara?" sai in sunkuyar da kai. Manyan suka ce ba su taɓa ganin mai jinya da ta yi kama da gaske irina ba.

A gida ma ba mu huta ba, don a tsakar gida yake bita. Maƙwabciyata ta sha shigowa a guje ta tarar da shi kwance yana kakari, ta ɗora hannu a ka, ni kuwa ina gefe ina tsince shinkafa. Sai ya ɗago ya ce, "Maman Tagwaye, ya kika gani? Ya yi, ko in ƙara?" Autarmu a cikin wannan ta tashi, har ya zama in ya dafe ƙirji sai ta ce, "Baba, na wane likita ne yau?" ta tsallake shi ta wuce.

Ciwon gaskiya ya zo masa bayan ya manyanta, gemu ya yi fari. Ya fara ne bayan cin abincin rana, ya ce wani abu yana cizonsa a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Auta ta ce, "Sabo ne wannan?" Ni ma da farko na ɗauka bita ce. Abin da ya tsayar da ni shi ne shirun. Maigidana in yana aiki yana da nishi mai kyau, mai hawa da sauka. Wannan karon babu nishi. Ya dai zauna bakin gado ya ƙura wa bango ido, da yamma aka kawo abinci ya ture kwanon. Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa ganin ciwon da ya hana shi ci ba.

Washegari ciwon ya haura kafaɗa. Bayan nan jiki ya yi zafi, fitsari ya yi ja kamar shayi, fata ta kama ƙaiƙayi, farin idonsa ya koma rawaya. Na ce mu tafi asibiti.

A nan muka ga ta kanmu. Babu likita a garin nan da bai bi ta kan cikin maigidana ba kafin ya zama wani abu. A asibitin farko, likitan yana ɗaga kai ya miƙe tsaye ya ƙame. "Baba Jinya! Jarrabawa ce? Ba a gaya mana ba!" Ya leƙa bayan labule yana neman inda babban ya ɓuya. Maigidana ya ce, "Ɗana, wallahi ciwo nake." Likitan ya ce, "Haka ka ce mini wancan karon, har da hawaye. Na ce ƙoda, ashe baya ne, sai da na maimaita shekara." Ya kawo mana lemo, ya rako mu har bakin titi. A na biyu ma'aikatan jinya suka taru suna kallo, wata tana cewa, "Ku duba idon, don Allah! Baba, me ka ɗiga?" Har tafi suka yi masa.

Sai ya ce mu je Majalisa wurin Likitan Tiyata, tunda shi ya koya masa ciwukan ciki. Likitan Tiyata ƙato ne mai ƙananan hannaye masu laushi, kullum yana riƙe da su a gaban ƙirji kamar yanzu ya wanke. Ya zauna ya harɗe ƙafa ya ce, "To, nuna mini." Maigidana ya faɗi abin da yake ji, a hankali, don numfashi ma wahala yake ba shi. Likitan ya girgiza kai.

"Baba Jinya, ka lalace. Wannan wace irin kwamacala ce? Ka ɗauko kafaɗa daga wurin na ƙashi, ka ɗauko ƙaiƙayi daga wurin ta fata, ka zo ka zube mini. Ina nishin? Ina ɗauke numfashi in an latsa? Haka na koya maka? In ka yi wa yara wannan, wa zai gane?"

"Ranka ya daɗe, ba ni nake yi ba. Shi yake yin kansa."

"To ka hana shi. Je ka gida ka yi bita. Tsufa ne ya fara taɓa ka."

A hanyar dawowa maigidana bai yi maganar ciwon ba. Abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Wai na lalace. Ni."

Ana cikin haka ranar babbar jarrabawa ta zo, kuma ciwon zuciya aka ba shi. Na ce ba za shi ba. Ya ce in bai je ba za a ce maganar Likitan Tiyata ta tabbata. Na yi tunani na ga a duk garin nan ranar ce kaɗai likitoci za su taru a kansa, sai na ɗauko masa takalmi.

Ɗakin Likitan Zuciya ƙarami ne: gado, koren labule, kujerata, da tebur inda yake zama da biro. Maigidana ya kwanta, gumi yana tsattsafo masa. Likitan Zuciya ya kama wuyan hannunsa, ya taɓa goshi, fuskarsa ta washe. "Kai, Baba Jinya! Har da zazzaɓi? Wa ya ce ka lalace? Yaya kake yin wannan?" Maigidana ya ce, "Ikon Allah ne, ranka ya daɗe."

Ƙananan likitoci suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya. Kamata ya yi ya dafe ƙirjin hagu, kuma yana ƙoƙari, Allah ya sani, amma hannun sai ya zame ya koma haƙarƙarin dama. Su kuma tunda ɗakin zuciya suka shigo, zuciya suke nema. Wani ya ce mai yiwuwa zuciyar Baba a dama take. Wata 'yar siririya ta kalli fuskarsa ta ce, "Ranka ya daɗe, idon nan fa..." Likitan Zuciya ya ce, "Ido yana gaba, kusa da matakala. Nan zuciya." Ta koma kan ƙirji.

Da na ga leɓensa ya bushe, ya fara kiran mahaifiyarsa da ta daɗe da rasuwa, sai na ji na miƙe. Na ce, "Likita, ku ji tsoron Allah. Mutumin nan ba shi da lafiya. Ba ya ci, ba ya sha. Wallahi mutuwa zai yi."

Likitan Zuciya ya ajiye biro, ya tafa hannu, ya leƙa baranda yana kira. "Ku zo ku ji! Hajiya ta yi magana! Wa ya koya mata? Madalla!" Likitan Ƙwaƙwalwa ya shigo yana cewa ai shi ya gano ni tun farko. Suka ce in maimaita wa mai shigowa na gaba, amma in rage sauri wajen rantsuwar.

Ban maimaita ba. Na ja kujerata na tokare ƙofa, na zauna a kai, na ce babu ƙaramin likitan da zai ƙara shigowa sai babba ya duba mijina. Jarrabawa ta tsaya cak, layi ya taru a baranda. Dole aka kira Shugaba, wani tsoho mai sanda wanda ya daɗe yana shugabanci har an manta fanninsa. Ya ce tunda Hajiya ta hana aiki, kowane ɗan Majalisa ya zo ya duba rabonsa, a sallame ta.

Suka shigo suka kewaye gadon da fararen riguna. Likitan Ido ya haska fitila, ya ɗaga yatsu, maigidana ya faɗa daidai. Ya ce, "Ido yana gani sarai. Kalar kuwa ba tawa ba ce, ni gani nake dubawa." Likitan Ƙashi ya juya kafaɗa sama da ƙasa ya ce ƙashi garau, in akwai ciwo a ciki to baƙo ne, daga wani wuri ya zo, shi kuma ba ya raka baƙo gidansu. Likitar Fata ta duba inda ya sosa ta ce fata lafiya lau, farce ne ya yi ɓarna, suka ɗan yi gardama a kan farce na wane ne. Likitan Ƙoda ya ce mutanensa biyu suna aiki, abin da aka aiko musu suke tacewa, a tambayi mai aikowa. Likitan Ƙwaƙwalwa ya ce abin a fili yake: mutum ne da ya iya aikinsa har ya yaudari kansa, kuma yana roƙon a bar masa shi ya yi nazari.

Saura biyu, Likitan Hanta da Likitan Tiyata, don inda hannun maigidana yake dafe nan ne iyakarsu. A ƙarƙashin hanta akwai 'yar jaka da ake kira matsarmama. Ashe a ƙa'idarsu, muddin tana zaune lafiya ta mai hanta ce, in ta lalace ta mai wuƙa ce. To kafin a san ta wane ne sai an duba, kafin a duba kuma sai an san ta wane ne.

"Bismillah, Farfesa," in ji Likitan Hanta.

"Haba, Farfesa, ina ni ina shiga gabanka? A inuwar hantarka take."

"Ai kai ne babba."

"Girma na Allah ne. Taɓa mana."

"Wallahi ba zan yi maka rashin kunya ba."

Suna ta rusuna wa juna a kan cikin mijina, shi kuwa idonsa ya fara juyewa. Shugaba ya taƙaita zancen: duk sashen da aka duba an same shi lafiya, wanda ba a duba ba kuma ba a san mai shi ba, saboda haka Baba Jinya lafiyarsa ƙalau, kuma Majalisa tana yaba masa. Na kama hannunsa na fara karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Sai ga wani ɗan gajere mai fara'a ya kutso ta tsakanin rigunan, riƙe da kofin shayi. Ban taɓa ganinsa ba, don ɗakinsa a ƙasa yake, wajen ƙofar baya, kuma bai taɓa buƙatar maigidana ba. Likitan Gawa ne, wanda yake buɗe mamaci ya gano abin da ya kashe shi. Ya ji baranda ta cika ne ya hau ganin ko rabon wani abu ake. Ya kalli maigidana daga kai har ƙafa, ya kurɓi shayi.

"Ku daina wahalar da kanku," in ji shi. "Ni ban san wasa ba, nawa ba sa yi. Amma na san kalar masu saukowa wurina. Ku bar shi kawai. Nan da jibi nawa ne gaba ɗayansa, ido da fata da farcen da kuke gardama. Ni kaɗai ne a gidan nan ba ni da iyaka. In na buɗe, ranar taro zan faɗa muku na wane ne." Ya juyo gare ni ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba da ke nake ba."

Ban san mece ce ranar taro ba sai daga baya. Ashe duk wata suna zama a babban zaure, Likitan Gawa ya hau dandamali ya faɗi a rabon wa mutuwa ta ɓuya, mai rabon kuma ya miƙe tsaye gaban kowa, har da ɗalibansa, ya yi bayani. Babu abin da suke tsoro a duniya irin wannan tsayuwar.

Nan take ɗakin ya rikice. Likitan Ido ya sake kunna fitila. Likitan Ƙoda ya ce a kawo kwalbar gwajin fitsari. Likitan Hanta ya ja da baya har ya taka ƙafar Shugaba, yana cewa shi dai tun farko jikinsa ya ba shi jakar ta lalace. Likitan Tiyata kuwa ya haɗe rai, jijiyar wuyansa ta tashi. Ba tsayuwar kaɗai ta dame shi ba. Shi da Likitan Gawa su ne masu wuƙa a gidan, kuma ba ya ƙaunar a riga shi.

"Wa zai buɗe?" ya ce. "Kai? Cikin da na yi shekaru ina koyarwa da shi? In dai buɗewa za a yi, ni zan buɗe, kuma yau." Ya sa hannu a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ya latsa. Maigidana ya yi wata ƙara da ban taɓa ji ba, mara daɗi, kamar ta akuyar da aka taka. Likitan ya yamutsa fuska ya ce, "Ko wannan ma ba haka ake yi ba. Ku kawo gadon turawa."

Aka tura shi asibitin da ke jikin Majalisa. Mai allurar barci yana biye yana murmushi, karon farko da na ga ya saki jiki da maigidana.

Na zauna a benci ƙofar ɗakin tiyata, ni da Auta da aka kirawo daga gida. Tana kuka tana cewa, "Mama, na tsallake shi fa, yau da safe ma na tsallake shi." Na ce ta yi shiru ta yi addu'a. Likitan Gawa ya zo ya zauna a ƙarshen bencin da kofinsa. Na ce, "Likita, don girman Allah ka koma ƙasa." Ya ce, "Hajiya, in na tashi Likitan Tiyata zai yi sanyi. Bari ya riƙa hango ni ta gilashi." Na ƙyale shi.

Bayan la'asar Likitan Tiyata ya fito da 'yar kwalba cike da tsakuwoyi. Ya ce jakar ta cika ta ruɓe, ɗaya ta gangara ta toshe hanya, da an ƙara kwana da yanzu wani zance ake. Ya ɗaga kwalbar saitin fuskar Likitan Gawa ya girgiza ta. Likitan Gawa ya ce, "Ba komai, ni ba na gaggawa," ya sauka abinsa.

Da maigidana ya farfaɗo, Likitan Tiyata ya zo duba shi da ɗalibai a bayansa. Na ɗauka zai ce a yafe masa. Ya duba ɗinki ya ce, "Baba Jinya, ciwon na gaske ne, ban musa ba. Amma ka yi shi ba daidai ba. Ku kuma," ya juya ga ɗaliban, "kada wanda ya koyi ciwon matsarmama daga abin da ya gani ranar nan."

Ni dai na yi hamdala, na ce tunda rai ya tsira, su faɗi abin da suka ga dama. Allah kuwa ya ja kwanansa, ya ga jikoki, ajalinsa ma da ya zo a gida ya same shi cikin sauƙi. Amma a lokacin maganar nan ta fi ɗinkin yi masa zafi. Yana fara takawa ya koma bita a tsakar gida, ina cewa ya bari ciki ya kama. Da jarrabawa ta zagayo ya je da kansa ya roƙi a ba shi matsarmama. Shugaba ya ce ai ba shi da ita. Ya ce, "Ranka ya daɗe, da ina da ita me ta tsinana mini?"

Aka ba shi. Likitar Fata ta rufe tabon da hoda, bayan an yi zama an tabbatar tabo nata ne. Ina kan kujerata ranar. Ƙaramin likita ya sa hannu ƙarƙashin haƙarƙari ya ce, "Baba, ja numfashi." Maigidana ya ja, ya tsaya a tsakiya cak, ya runtse ido, ya damƙe ƙarfen gado. Ƙaramin likitan ya faɗi sunan ciwon tun bai ɗauke hannu ba. Likitan Tiyata ya miƙe daga kujerarsa, ya zo ya tsaya a kan maigidana ya daɗe, idonsa ya ciko da ƙwalla.

"Yauwa," ya ce. "Da haka ka yi mini tun farko, ai da ban ɓata maka lokaci ba."